Lens ko ƙafar kyamara: wanne zan fara saya don hoton lilo da dare?

Tambaya: Ina son ɗaukar hoton manyan lilo masu fitilu a wurin wasanni da dare, amma kullum hoton sai ya fito dishi-dishi. Kuɗina ba zai isa lens (gilashin gaban kyamara) da ƙafar kyamara (abin nan mai ƙafa uku da ake kafa kyamara a kai) gaba ɗaya ba. Wanne zan fara saya?

Amsa: Malam, sayi ƙafar. Hoton nan da fitilu ke komawa zoben haske, kyamara ake bari ido buɗe na 'yan daƙiƙu yayin da lilon ke juyawa, hannun mutum kuwa ko na daƙiƙa ɗaya ba ya tsayawa cak. Lens ɗin da ya zo da kyamararka ya wadatar.

Wajen zaɓe, ka buɗe ƙafafun gaba ɗaya, ka dafa saman ka girgiza. In ta yi rawa, mayar musu. Mai nauyi ta fi tsayuwa cikin iska, sai dai ka tuna kai za ka saɓa ta cikin cunkoso.

Sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ƙofar haske ta lens a f/8 ko f/11. Lilo mai gudu, daƙiƙa 1 zuwa 2 ta isa. Babban wilin nan mai tafiyar hawainiya yakan nemi daƙiƙa 10 zuwa 30 kafin zoben ya haɗe. Kada ka sayi rimot tukuna, sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, girgizar yatsa ta lafa. Kuma ka je da wuri. Da almuru, sama na da sauran shuɗi, hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba. In dare ya raba, baƙi ƙirin ne kawai a bayan fitilun.

Tambaya: Waya kawai gare ni. Sai na sayi kyamara?

Amsa: A'a, Malama. In wayarki na da sashen Pro da ke ba ki damar tsawaita daƙiƙun, ƙaramar ƙafa da maƙalin waya sun ishe ki. Filasha kuwa kashe ta: haskenta ba ya wuce 'yan mitoci, ƙeyar mutanen gabanki kawai za ta haska. Inda waya ke gazawa shi ne kama fuskar yaro tar yana kan lilo a guje. Wannan sai kyamara mai lens f/1.8, wato mai faɗin ƙofar haske, a 1/250 na daƙiƙa, ISO wajen 3200.