Akwatin Masu Karatu: Makarantar Kasuwanci Tana Ba Da Aiki Ne?

Wasiƙun wannan wata sun haɗu a kan digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, da makarantun koyon harkar kasuwanci. Na yi shekaru a sashen ɗaukar ma'aikata na wani banki kafin in ajiye aiki, ni ma kuma na yi wannan karatu ina da iyali, don haka na zaɓi huɗu da nake da abin faɗa a kansu.

Tambaya: Malam, ɗana ya gama digiri a fannin tattalin arziki, ya kammala bautar ƙasa bara. Wani mai sama wa yara makaranta ya kawo mana takardar wata makarantar kasuwanci a Indiya, an rubuta cewa duk wanda ya gama ana sama masa aiki, ɗari bisa ɗari, har da albashin da za a biya shi. Ina shirin sayar da fili in tura shi. Maganar nan gaskiya ce? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, a dakata da maganar filin tukuna. Abin da aka rubuta yana da tushe, sai dai ba lallai ne ya shafi yaronka ba.

A Indiya al'ada ce kamfanoni su shigo har cikin makaranta su ɗebi ɗalibai. Karatun shekara biyu ne. Tsakanin shekarar farko da ta biyu ɗalibi yakan yi kamar wata biyu yana aikin koyo a wani kamfani, idan an ji daɗinsa a yi masa alkawarin aiki tun bai gama ba. Sauran kuma a jira lokacin ɗauka, makaranta ta jera kamfanoni, manya su fara zaɓa a ranar farko, ƙanana su biyo baya. Makarantun da suka yi suna da wannan su ne na gwamnati da ake kira IIM, irin ta Ahmedabad da ta Kolkata da aka kafa a 1961, da ta Bangalore ta 1973. Shiga cikinsu kuwa jan aiki ne, don sama da mutum 200,000 ke zama jarrabawar CAT kowace shekara suna neman gurbi. Bayan waɗannan akwai makarantu masu zaman kansu birjik, kowace da takardar tallarta mai sheƙi, kuma ina kyautata zaton ɗaya daga cikinsu aka kawo maka.

Ga inda lauje yake cikin naɗi. Wancan ɗari bisa ɗari sau da yawa ana lissafa shi ne bayan an cire waɗanda aka ce sun janye da kansu. Albashin da ake bugawa da manyan haruffa kuma na mutum ɗaya ne da ya fi kowa sa'a. Ko an ce matsakaici, kai ɗan kasuwa ne, ka san idan yaran shago tara suna karɓar dubu 50, ɗaya yana karɓar miliyan ɗaya, aka tara aka raba goma, sai a ce kowa yana samun dubu 145, alhali taran nan ba su taɓa ganin haka ba. Ka ce a ba ka albashin mutumin da ke tsakiyar layi. Kuma adadin na shekara ne, da kuɗin rupee, an cusa alawus da tukuicin da sai an cika sharaɗi ake biya. Idan ka ga kalmar lakh, 100,000 take nufi.

Babban abin shi ne yaronka baƙo ne a can. Bizar karatu ba ta ba shi damar zama ya yi aiki, bizar aiki kuma a ƙa'idar Indiya tana neman albashin da ya haura wani babban adadi da gwamnati ta ƙayyade a shekara, abin da ƙananan makarantu ba kasafai suke sama wa ko 'yan ƙasar ba. Akasarin yaranmu gida suke dawowa da takarda. To takardar ma a duba ta: wasu makarantun difloma suke bayarwa mai suna PGDM, ba digirin jami'a ba, kuma idan ya dawo sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance matsayinta kafin gwamnati ta yi aiki da ita.

Ka kira mutumin nan, ka tambaye shi 'yan Najeriya nawa suka gama a makarantar bara, ina suke yanzu, ya haɗa yaronka da biyu daga cikinsu su yi magana. Ka kuma tambaye shi la'adarsa nawa ce a kan kowane yaro. Kai da kake auna yadi a gaban mai saye bai kamata a yi maka cinikin biri a sama ba.

Tambaya: Ina da HND a fannin akanta, shekarata 29, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ina so in yi MBA ko zan samu aikin banki, ko kuma in koyar a jami'a. Ta ina zan fara? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ɗana, hanya biyu ka ambata, kuma ba mota ɗaya ke zuwa ba. Mai HND yakan fara yin diflomar gaba da digiri, wato PGD, kamar shekara guda, sannan a ɗauke shi MBA. Amma MBA digirin ma'aikata ne. Idan koyarwa a jami'a da digirin digirgir kake hange, jami'o'inmu M.Sc suka fi nema, wato digiri na biyu mai bincike sosai. Na san waɗanda suka gama MBA suka koma suka sake M.Sc daga farko, shekara biyu da kuɗi sun tafi.

Maganar banki kuwa, gara in faɗa maka yanzu. Ɗaukar sababbin ma'aikata a yawancin bankuna tana da iyakar shekaru, galibi 26 ko 27, kuma MBA ba ya rage wa mutum shekaru. Makarantun kasuwancinmu ma ba su da tsarin shigo da kamfanoni irin na Indiya. Wadda ta fi kusa da haka ita ce Lagos Business School da aka kafa a 1991, tana da ofishin haɗa ɗalibai da kamfanoni, amma kuɗinta miliyoyi ne, albashin malamin makaranta ba zai ɗauka ba.

Da ni ne kai, jarrabawar ƙwararrun akantoci zan sa a gaba, ta ƙungiyar ICAN ko ta ANAN, ita ANAN kwalejinta tana kusa da Jos. Ita ce ke shigar da mutum ta ƙofar masu ƙwarewa, inda ba a cika damuwa da shekaru ba. Ka kuma sa ido a kan bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum da ke koyar da wannan fanni.

Akwai tambayar da nakan yi wa masu MBA idan sun zo intabiyu. Ɗan kasuwa ya sari shinkafa, ya sayar duka da riba, amma rabi bashi ne, ga mai kaya ya zo karɓar kuɗinsa gobe. Yana cikin riba ko yana cikin matsala? Wallahi na ga mai kwat da takardu cike da jaka ya tsaya yana kallon silin. Yaron da ya tashi a kasuwar Singa ta Kano kuwa kafin in rufe baki ya ba ni amsa. Ka iya wannan, ka iya manhajar lissafi ta Excel har ka tsara lissafin shago ba tare da an kama maka hannu ba.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina da aure da yara uku. Ina sha'awar MBA na ƙarshen mako a nan Kano, amma ina tsoron yadda rayuwar makarantar take. Zan iya kuwa?

Amsa: Hajiya, za ki iya, na ga waɗanda suka yi da goyo. Makarantar Kasuwanci ta Dangote tana sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo, ginin da Gidauniyar Aliko Dangote ta kashe wa naira biliyan 1.2 aka buɗe a 2018. Idan fita ce matsalar, Jami'ar Ahmadu Bello tana yin MBA ta intanet, jarrabawa kawai ke fitar da mutum daga gida.

Kada ki zaci irin zaman da kika yi a digirin farko ne. Babu ɗakin kwana, babu zaman hira a gindin bishiya. Kowa daga ofis ko kasuwa yake zuwa, a gaji, waya tana ta ƙara. A makarantar da na yi, ajinmu akwai jami'in kwastan, da likita, da mai sayar da taki, da wata shugabar makaranta da ta girme mu duka, muna ce mata Mama. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne darasin lissafi da ƙididdiga, musamman wanda rabonsa da lissafi tun sakandare. Ki nemi mai tuna miki tun kafin a fara. Sai aikin rukuni: a haɗa ku bakwai, biyu su yi aikin, biyar su tashi da safe su turo "Allah ya saka da alheri" a WhatsApp. Na ji haushin haka sosai a lokacin, amma a nan na gane wa za a iya ba amana. Shekara uku bayan mun gama, ɗaya daga cikin biyun nan ne ya kira ni ya ce ana neman mutum a wurinsu, kuma ta nan na canja aiki. Makarantar ba ta ma san an yi ba.

Abin da za ki biya bayan kuɗi shi ne Asabar da Lahadi. Biki da suna za su wuce ki, dangin miji za su yi magana. Ki zauna da maigida tun yanzu a tsara wa zai riƙe yara, a kuma sanar da Hajiya babba don ta zama mai kare ki. Ki sa a ranki cewa lokacin da aka rubuta a takarda yana iya ƙaruwa. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci.

Tambaya: Ina zangon ƙarshe, wani ya ce zai rubuta min kundin bincikena in biya shi. Kowa haka yake yi. Mene ne laifi? Ban so a faɗi garina.

Amsa: Malam, ba kowa ba. Jami'o'i da dama yanzu suna saka kundi a manhajar gano satar rubutu irin Turnitin, kuma mai rubuta maka ya sayar wa wasu biyar irinsa. Ko ka tsallake wannan, akwai ranar kare kundi. Na taɓa zama a wurin aka tambayi wani ɗalibi mutum nawa ya yi wa tambayoyi a bincikensa, ya ce 150, malami ya buɗe babi na uku ya nuna masa 320. Shekara ya ƙara.

A cikakkiyar wasiƙarka ka ce kasuwancin hatsi gidanku ke yi. Ka ɗauki littafi ka shiga kasuwar da kuke, ka zauna da dillalai 40, ka tambaye su yadda suke ba da bashi, da wa suke hanawa, da abin da suke yi idan mutum ya gudu da kaya. Sati uku ya ishe ka tattara wannan. Idan ka rubuta babi na ɗaya ka turo min ta adireshin mujalla, zan duba maka.