Ungozoma ta kira likita a waya: rashin sanin aiki ne?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanwata tana aure a wani ƙauye can wajen Tudun Wada. Cikinta wata takwas jijjiga ta kama ta da tsakar dare. A asibitin garin ungozoma kaɗai suka tarar, ita kuma sai ta kira wata likita a Kano ta bidiyo, tana haska mata ƙanwar tawa, sannan ta yi allura. Mijinta ya ce wannan rashin sanin aiki ne, ana gwaji da ran matarsa. Haka ne? Daga wata mai karatu a Gwammaja.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ki faɗa wa surukinku wannan ungozoma ta san aikinta, kuma na ji daɗin abin da ta yi har cikin raina.

Ni ma irin wannan kiran yakan tashe ni. Abin da nake fara tambaya shi ne: nawa awon hawan jininta? An kwantar da ita ta gefen hagu? Kuna da maganiziyam salfet? Wannan allurar ce maganin jijjigar masu ciki. Akan fara da giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan a riƙa duba numfashi da yawan fitsari, domin idan ta yi yawa a jiki tana danne numfashi. Ungozoma ta karanta duk wannan a makaranta. Amma mace na sheme a gabanki, dangi na salati a ƙofa, ke kaɗai da fitilar waya, samun wadda za ta ce "haka ne, ci gaba" ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar da aka ɗauko a mota daga ƙauye ba a yi mata komai ba, ta yi ta jijjiga har Kano. Wadda aka yi wa allurar kafin a taso, aka kuma sanar da mu tana tafe, daban take isowa, ta tarar an tanadi gado da jini.

Ba a nan kaɗai ake yi ba. Tun 2003 Jami'ar New Mexico a Amurka ta fara shirin ECHO, inda ƙwararru ke ɗora ma'aikatan karkara a hanya ta bidiyo. Jihar Kano da ke da ƙananan hukumomi 44, alhali ƙwararrun sun taru a asibitin Aminu Kano da na Murtala, ai ita ta fi buƙatarsa.

Sai dai waya ba ta yin tiyata, ba ta ƙarin jini. Jijjiga ba ta rabuwa da mace sai an raba ta da cikin, don haka tafiya babban asibiti dole ce. Kuma hoton marar lafiya amana ne, ku tambaya ko an goge shi.

Ƙanwarki ta ci gaba da zuwa awon hawan jini bayan haihuwa, domin jijjiga kan dawo a kwanakin jego. Ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, a kai ta asibiti a ranar.