Filin Tambaya da Amsa: Wa ke riƙe da ragama idan bala'i ya auku a gundumomin Amurka?

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan batu guda, wato yadda gundumomin Amurka, waɗanda a can ake kira kaunti, suke tsara aikin agajin gaggawa da kuma wanda doka ta damƙa wa ikon ba da umarni a ranar da ruwa ko wuta ko iska suka afka wa jama'a. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata uku ke nan ina zaune a Houston ta jihar Teksas. Duk lokacin da aka ce guguwa na tafe, sai in ji gwamna ya yi jawabi, magajin gari ya yi nasa, sannan ga wata mace da ake kira alƙalin gunduma ita ma tana ba da umarni. Maganar wa zan bi, kuma me ya haɗa alƙali da ambaliyar ruwa? Daga wata 'yar'uwa a Houston.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sunan muƙamin ne ya ruɗe ki, kuma ba ke kaɗai yake ruɗawa ba. A Teksas, alƙalin gunduma zaɓaɓɓen shugaba ne da ke jagorantar majalisar gunduma mai mutum 5, wato shi da kwamishinoni 4, kuma a manyan gundumomi irin taku ta Harris, wadda mutanenta suka haura miliyan 4 da rabi, aikinsa na mulki ne kusan gaba ɗaya, ba zaman shari'a ba. Wadda kike ji ita ce Lina Hidalgo, wadda ta kama aiki a watan Janairun 2019.

Dokar bala'o'i ta Teksas, wadda aka kafa a 1975, ta fayyace cewa alƙalin gunduma shi ne daraktan agajin gaggawa na gundumarsa, magajin gari kuwa shi ne na birninsa. Kowannensu yana da ikon ayyana dokar ta-ɓaci a yankinsa, yana da ikon umartar jama'a su fice daga wurin da ake fargabar haɗari, yana kuma da ikon hana shiga wurin har sai ƙura ta lafa. Idan aka sami saɓani tsakanin shawarar magajin gari da ta alƙalin gunduma, doka ta ce ta alƙalin ce ke rinjaye, domin ikonsa ya haɗa da biranen da ke cikin gundumar da kuma karkarar da ba ta ƙarƙashin kowane birni. Sai dai wannan iko yana da linzami: dokar ta-ɓacin da ya ayyana ba ta wuce kwana 7 sai da amincewar majalisar gunduma.

Abin da ya faru a watan Agustan 2017 zai nuna miki yadda lamarin yake a aikace. Da mahaukaciyar guguwar Harvey ta tunkaro gaɓar teku, Gwamna Greg Abbott ya shawarci mutanen yankin da su yi tunanin barin gari, amma magajin garin Houston na lokacin, Sylvester Turner, da alƙalin gunduma na lokacin, Ed Emmett, suka ce kowa ya zauna a gidansa. Hujjarsu ita ce abin da suka gani da idonsu a watan Satumban 2005, lokacin guguwar Rita, inda miliyoyin mutane suka kwararo kan manyan hanyoyi a lokaci guda, motoci suka cunkushe cikin tsananin zafi, mai ya ƙare wa da yawa a tsakiyar titi, har fiye da mutum 100 suka rasu a sanadiyyar gudun kansa, ciki har da tsofaffi fiye da 20 da motarsu ta kama da wuta a kusa da Dallas. Har yau ana muhawara a kan wannan shawara, domin ruwan da Harvey ta zubar ya haura mita 1 da rabi a wasu wurare na kudu maso gabashin jihar, aka kuma ceto dubban mutane da jiragen ruwa daga cikin gidajensu. Ni dai a ganina sun yi daidai, saboda hanyoyin da mutane za su bi su tsere su ne ruwan ya fara shanyewa. Abin lura a nan shi ne, gwamna ya ba da shawara, amma umarnin ficewa yana hannun shugabannin da ke kusa da ku. Saboda haka ki saurari kowa, amma a batun fita ko zama, ki bi sanarwar gundumarki da ta birninki.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai nazarin harkokin mulki. Shin tsarin iri ɗaya ne a duk gundumomin Amurka, kuma yaya ake rarraba aikin a cikin gunduma?

Amsa: Ba iri ɗaya ba ne, ɗan'uwa, kuma dalilin yana cikin tushen mulkin ƙasar. Gunduma ba ta da wani iko na gashin kanta da ta samo daga tsarin mulkin tarayya. Jiha ce ta ƙirƙire ta, jiha ce kuma ke yanka mata iyakar abin da za ta yi. Da yake jihohin 50 ne, gundumomin kuma sun haura 3,000, dole tsarin ya sha bamban. Teksas kaɗai tana da 254, Delaware tana da 3 kacal. Gundumar Los Angeles tana ɗauke da mutum kimanin miliyan 10 da birane 88, alhali gundumar Loving ta Teksas mutanenta ba su kai 100 ba a ƙidayar 2020. A Luwiziyana ana kiransu farish, a jihar Connecticut kuwa an soke gwamnatocin gunduma tun 1960, don haka garuruwa da jiha ne ke ɗaukar nauyin aikin.

A Fulorida, doka ta wajabta wa kowace gunduma daga cikin 67 ɗin da ke jihar ta kafa hukumar agajin gaggawa mai darakta, dokar ta-ɓacin gunduma kuma tana ɗaukar kwana 7, ana iya sabunta ta bakwai-bakwai. A Kalifoniya majalisar gunduma ce ke kafa doka ta bayyana jami'in da zai iya ayyana ta-ɓaci idan majalisar ba ta zama, a wasu wurare babban jami'in gudanarwa, a wasu kuma sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gunduma, amma wajibi ne majalisar ta tabbatar da abin da ya yi cikin kwana 7, in ba haka ba ya faɗi. Karolina ta Arewa ta bi hanyar da ta saɓa wa ta Teksas: takunkumin da gunduma ta sa ba ya aiki a cikin birni sai in hukumar birnin ta nema ko ta yarda. Abu biyu ne suke maimaituwa a kusan ko'ina, wato a ba mutum ɗaya damar yanke shawara cikin hanzari, a kuma ɗaure shi da wa'adi don kada ikon gaggawa ya zama na dindindin. Wannan ayyanawa tana da amfani a aikace, domin ita ce ke buɗe ƙofar sa dokar hana fita, da rufe hanyoyi, da sayen kaya ko ɗaukar 'yan kwangila ba tare da bin dogon tsarin neman tayi ba, da kuma neman gudummawar jiha.

A ƙarƙashin zaɓaɓɓen shugaba akwai jami'in agajin gaggawa, wanda shi ne ƙwararren da ke rubuta kundin shiri, yana shirya atisaye, yana kuma buɗe cibiyar gudanar da ayyuka idan abu ya faru. A wannan ɗaki ne wakilan sherif, da 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan lafiya, da masu kula da hanyoyi, da kamfanin lantarki, da makarantu, da ƙungiyar Red Cross suke zama a gaban taswira da na'urorin sadarwa. Shi jami'in ba kwamanda ba ne, mai haɗa kai ne. A ƙananan gundumomi ma sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da ofishin, wani lokaci a haɗe da wani aikin.

A can bakin daga kuwa, tsarin da ake bi ya samo asali ne daga gobarar dajin da ta addabi kudancin Kalifoniya a 1970, inda aka gano cewa rundunoni da yawa sun hallara amma kowace tana amfani da kalmominta da tashar rediyonta. Daga nan aka fito da tsarin da ke da kwamanda guda a wurin da abin ya faru, da sassa huɗu a ƙarƙashinsa, na aiki da na tsare-tsare da na kayan aiki da na kuɗi, aka kuma ƙayyade cewa kada shugaba ɗaya ya kula da mutane fiye da 7 kai tsaye. Darasin bai zauna da kyau ba sai bayan gobarar tsaunukan birnin Oakland na Kalifoniya ta watan Oktoban 1991, wadda ta kashe mutum 25. A ranar, motocin kashe gobara sun zo daga garuruwan maƙwabta don kawo ɗauki, ma'aikatan suka sauko da mesarsu suka nufi famfunan gefen titi, sai suka tarar bakin famfunan Oakland ya fi na mesarsu faɗi, ga ruwa a gabansu, ga gidaje na ci da wuta, amma ba damar haɗawa sai an nemo mahaɗi. Bayan wannan ne jihar ta kafa doka ta mai da kowace gunduma daga cikin 58 ɗinta cibiyar da duk birane da hukumomin cikinta za su bi ta kanta wajen neman taimako. A 2004 gwamnatin tarayya ta mai da irin wannan tsari na ƙasa baki ɗaya.

Tambaya: Malam, to ina hukumar FEMA da muke yawan ji a labarai? Na ɗauka ita ce ke karɓar ragama.

Amsa: FEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, ba ta karɓar ragama, malama, tallafi take kawowa. Shugaba Jimmy Carter ne ya kafa ta a 1979, aka kuma sa ta ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida a 2003. Dokar Stafford ta 1988 ce ta shimfiɗa matakan: idan abu ya fi ƙarfin gunduma da maƙwabtanta, sai ta kai kuka ga jiha, idan ya fi ƙarfin jiha, gwamna ne zai rubuta wa shugaban ƙasa ya nemi a ayyana babban bala'i. Gunduma ba ta da ikon tsallake gwamna. Idan an amince, tarayya tana biyan aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin gyara kayan jama'a da kwashe ɓaraguzai, amma akasari biyan yana zuwa ne bayan gunduma ta kashe nata ta kuma kawo shaida, shi ya sa za ki ga ma'aikaci yana rubuta awannin aikin kowace katafila tun ruwa bai janye ba. Wata doka ta shekarar 2000 kuma ta sa sharaɗin cewa sai gunduma tana da shirin rage haɗari, wanda ake sabuntawa duk shekara 5, kafin ta ci moriyar wasu tallafin.

Tambaya: Malam, idan shugaban da doka ta ba ikon ba ya gari, ko yana barci, ko ya yi jinkiri fa?

Amsa: Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa mini zuciya, domin a nan ne rayuka suka fi salwanta. Kundin shirin gunduma ya kamata ya jera waɗanda za su maye gurbin shugaba ɗaya bayan ɗaya, ya kuma bayyana ƙarara wanda ke da izinin aika saƙon gargaɗi zuwa wayoyin jama'a ko kunna jiniya ba tare da jiran kowa ba. Inda aka bar wannan a dunƙule, ma'aikacin da ke bakin aiki da tsakar dare yakan tsaya neman izini a daidai lokacin da kowane minti yake da tsada.

A ranar 8 ga Agustan 2023 gobara ta cinye garin Lahaina na gundumar Maui a Hawayi, ta kashe mutum kimanin 100, kuma ba a kunna jiniyoyin gargaɗi ba. Shugaban hukumar agajin gundumar ya ce an ji tsoron mutane za su zaci igiyar tsunami ce su gudu sama wajen tudu, inda wutar take. Kwanaki kaɗan bayan haka ya ajiye aiki, yana mai cewa saboda rashin lafiya ne. Sai kuma asubahin 4 ga Yulin 2025, lokacin da kogin Guadalupe ya tumbatsa da kimanin mita 8 cikin ƙasa da awa guda a gundumar Kerr ta Teksas, ya yi awon gaba da fiye da mutum 100, ciki har da yara mata da ke kwana a wani sansanin hutu a bakin kogin. A zaman sauraren bahasi da 'yan majalisar jihar suka yi a Kerrville a ƙarshen watan, ya fito fili cewa alƙalin gundumar ba ya gari a daren, jami'in agajin gaggawa kuma ba shi da lafiya yana kwance. Shekaru kafin nan gundumar ta tattauna batun kafa jiniyoyi a bakin kogin, amma maganar kuɗi ta hana. Ban ga laifin mutum don ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo ba. Abin da nake tuhuma shi ne tsarin da ya rataya rayuwar dubban mutane a wuyan mutum biyu ko uku ba tare da an tabbatar akwai na huɗu da idonsa biyu ba. Bayan wannan masifa majalisar Teksas ta kafa dokokin da suka tsaurara sharuɗɗan sansanonin yara, suka kuma tanadi kafa jiniyoyi a yankunan da ambaliya ke yawan afka wa.

Ga masu karatunmu da ke zaune a can, kundin shirin gunduma takarda ce ta hukuma da galibi ake samu a shafinta na intanet, zaman majalisar gunduma kuma a buɗe yake ga jama'a, har akan ware lokacin da mazauna za su tashi su yi magana. Ku tabbatar kun san sunan gundumarku, domin da shi ake fitar da gargaɗin yanayi, ku yi rajistar lambar wayarku a tsarin saƙonninta, waɗanda ke gaɓar teku kuma su nemi sanin shiyyar kwashe jama'a da gidansu ya faɗa ciki, wadda a Fulorida ake yi wa alama da haruffa, a yankin Houston kuwa ake bi da lambar gidan waya ta unguwa.