Wannan hamingbad ɗin ruwa biyu ne, ko haske ne ya yaudare ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Arizona ta Amurka. Wani namijin hamingbad, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai shan ruwan fure, yana zuwa mazubin ruwan sukari da na rataye, wuyansa bai kai jan na nau'in hamingbad da ake kira Anna ba, bai kai shunayyar na nau'in da ake kira Kosta ba. Ta yaya zan gane ko ruwa biyu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake zato yana yiwuwa, domin Anna da Kosta 'yan gida ɗaya ne, suna kuma haɗuwa a kudancin Arizona da Kaliforniya, an sha samun 'ya'yan da suka haifa tare. Amma launin wuya shi ne shaidar da ta fi rauni. Ƙyallin nan ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke mayar da haske, shi ya sa wuya ɗaya zai yi ja idan tsuntsun ya fuskance ka, ya koma baƙi da zarar ya kau da kai. Gashin Anna idan ya tsufa yakan koma ruwan tagulla. Matashin namiji kuma wuyansa dabbare-dabbare ne, ƙurar fure ma takan ɓata goshi da rawaya. Sai ka kawar da waɗannan tukuna.

Daga nan ka koma kan siffa. Gashin wuyan namijin Kosta yana zarcewa gefe biyu kamar dogon gashin baki, na Anna kaɗan yake zarcewa, ruwa biyu kuwa yakan tsaya tsakani. Ka jira ya sauka a reshe ka dube shi ta gefe: jelar Anna tana wuce ƙarshen fiffike, a wurin Kosta ƙarshen fiffike yana kaiwa bakin jela ko ya ɗan gota. Kosta ya fi ƙanƙanta, wajen giram 3, Anna kuwa yakan haura 4.

Jela ita ce babbar shaida. Gashinta 10 ne, 5 a kowane gefe, kuma na ƙarshen waje siriri ne ƙwarai a namijin Kosta, ya fi faɗi a Anna. Ido ba zai kama wannan ba. Ka tsaya rana na bayanka, ka sa saurin kyamara a 1/2000 na daƙiƙa ko fiye, ka yi ta ɗauka a jere daidai lokacin da yake baza jela zai tsaya a bakin mazubi. Ka samo buɗaɗɗiyar jela, da fiffike a naɗe, da wuya ta fuska uku. Hoton fiffiken zai raba maka wata gardamar: idan gasu 6 na ciki cikin manyan gasun fiffike 10 sun fi na waje sirantaka sosai, to da alama akwai jinin wani nau'in hamingbad da ake kira mai baƙin haɓa, wanda shi ma yana barbara da Anna.

Kada ka bar sauti, wayarka ta isa. Waƙar Anna kaushi gare ta, ta Kosta siririn fito ne mai hawa ya sauko. Idan Anna ya yi sama ya surano, yana ƙarewa da ƙara guda mai kaifi wadda gashin jela ke fitarwa. Ruwa biyu yakan yi abin da bai dace da kowannensu ba, kuma ni na fi amincewa da wannan a kan launi.

Alama ɗaya ba ta isa. Ka nemi uku da suka faɗa tsakanin iyayen biyu, kuma iyayen su zama masu zama a yankin. Mata da matasa kuwa sai an auna a hannu ko an gwada ƙwayar halitta. Kada ka kama shi, doka ta hana sai mai lasisin sa wa tsuntsaye zobe. Ka ɗora hotuna da sautin a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, akwai gurbin ruwa biyu, masu tantancewa na yankinku za su duba.