Amsa: Shuka tumatir a buhu cikin gidan haya

Ƴar uwa, kin tambaya ko tumatir zai yi a buhu tunda gidan hayarki a Yamai duk siminti ne. Zai yi ƙwarai, shekara uku ke nan ina yi.

Ki nemi buhun shinkafa mai kilo 25, ki naɗe bakinsa, ki huda gindin wuri biyar ko shida. Ki haɗa ƙasa da yashi da takin awaki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, ni ma ya taɓa kashe mini shuka har na yi baƙin ciki. Tushe ɗaya a buhu ɗaya, kada ki cika.

Babbar matsalar ita ce ruwa. Buhu yana shan iska ta kowane gefe, ƙasar tana bushewa da wuri, don haka ban ruwa safe da yamma. Ki ɗora shi kan bulo saboda zafin siminti. Ki shuka a Oktoba ko Nuwamba, lokacin sanyi. A zafin Afrilu furen tumatir zubewa yake. Rana tana cinye buhun, bayan girbi sai sabo.