Ɗan ƙanina yana buga besbol a Amurka: ya kusa shiga babban rukuni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanina ya daɗe yana zaune a Amurka, kuma ɗansa mai shekara 21 yana buga besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, a ƙaramin rukunin da ake kira High-A. Kullum ana turo mana bidiyonsa ta WhatsApp, an kuma ce makinsa na bugu ya kai .305 a bana. Mahaifiyarmu ta riga ta sa rai zai shiga babban rukuni baɗi. Shin da gaske ya kusa, ko da sauran rina a kaba? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaro, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Yaron yana kan hanya, amma da sauran tafiya a gabansa. Babban rukunin, wato MLB, ƙungiyoyi 30 ne, kuma tun bayan gyaran da aka yi a 2021 kowace ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da take renon matasa a cikinsu: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, jimilla 120. Ɗanku yana mataki na biyu ke nan, saura biyu.

Makin .305 yana nufin a cikin gwaji dubu ya yi bugu mai kyau sau 305, kuma wannan abin yabo ne, sai dai masu farautar 'yan wasa ba su cika dogara da shi kaɗai ba, domin filin wasa da sa'a suna iya kumbura shi. A garuruwan da ke kan tudu, irin su Albuquerque, ƙwallo tana tafiya nesa saboda iskar wurin ba ta da kauri, har matsakaicin ɗan wasa ya zama kamar gwani. Abin da suka fi dubawa shi ne shekarun yaro idan aka gwada da na abokan karawarsa, kuma shekara 21 a High-A ba ta yi yawa ba ko kaɗan. Sannan suna auna bugunsa, ƙarfinsa, gudunsa, ƙarfin hannunsa da iya tsaron fili a kan ma'auni daga 20 zuwa 80, inda 50 take matsayin matsakaicin ɗan wasan babban rukuni.

Ni dai shawarata ita ce ka daina dogara da gajerun bidiyon nan, tun da ba a turo wa dangi sai bugun da ya yi kyau. Ka roƙi ƙaninka ya turo maka wasa guda cikakke, ka zauna bayan isha'i ka zuba wa yaron ido a lokacin da mai jifa ya sako masa ƙwallo mai lanƙwasa, wadda take tahowa kamar za ta bi ta gabansa sai ta karkata ta faɗi ƙasa. Idan ya riƙe sandarsa ya bar ta ta wuce, yana da ido da haƙuri. Idan kuwa yana kai mata sara kowane lokaci har a fitar da shi bai taɓa ƙwallo ba, to a Double-A za a gano lagonsa cikin 'yan makonni, domin masu jifan can sun iya sa wannan ƙwallo inda suke so. Shi ya sa masana suke ɗaukar Double-A a matsayin wurin da ake tankaɗe da rairaya.

Mu a Kano mun saba da ƙwallon ƙafa, inda Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010 yana matashi. Besbol ba ta cika yin wannan saurin ba. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya sa hannu da Pittsburgh Pirates, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin MLB, a 2008, bai taka filin babban rukuni ba sai ranar 26 ga Afrilu, 2017, kuma iya tsaron filinsa ne ya fi kai shi can, ba bugu ba.

Alamar da ta fi kowace ƙarfi cewa yaro ya kusa ita ce shiga jerin 'yan wasa 40 na ƙungiya, wato waɗanda take iya ɗagawa zuwa babban rukuni. Wanda aka ɗauka yana da shekara 19 ko fiye, ƙungiya tana da kakar wasa huɗu ta sa shi a jerin, wanda bai wuce 18 ba kuma kaka biyar, in ba haka ba wata ƙungiya na iya ɗauke shi. Ka tambayi ƙaninka shekarar da yaron ya sa hannu, sai ku ƙirga. A gaya wa Hajiya ta ci gaba da addu'a, amma abin da ya dace a sa rai baɗi shi ne a ɗaga shi zuwa Double-A, ya kuma kammala kakar wasa a can lafiya ba tare da rauni ba.