Amsa: Me ya haɗa 'yan sanda da mutuwar baƙar mace wajen haihuwa a Amurka?

Salam 'yar'uwa, kin tambaya wai me ya haɗa zaluncin 'yan sanda da mutuwar mata baƙaƙen fata wajen haihuwa a nan Amurka, tunda ɗan sanda ba shi ke karɓar haihuwa ba. Toh ni aikin jinya nake a sashen masu ciki a Minnesota, kuma wallahi alaƙar a fili take.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a 2021 cikin haihuwa 100,000 baƙaƙen mata kusan 70 suka rasu, farare kuma kusan 27. Kar ki ce talauci ne kawai, shahararriyar 'yar wasan tennis Serena Williams da duk kuɗinta sai da ta yi ta naci bayan ta haihu a 2017 kafin a duba gudan jinin da ya toshe mata huhu.

Fargaba tana shiga jiki. Akwai wata da na taɓa aunawa, mijinta direba ne da dare, ina ɗaura mata abin awon jini hannunta ɗaya na kan waya, ya yi lattin dawowa bai ɗauka ba, ta ce min tun kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis a 2020, in ta ji jiniya bacci ya ƙare kenan, jininta kuwa ya hau, ƙafa duk ta kumbura, kin san daga nan jijjiga ba nisa. Binciken da wata masaniyar lafiyar al'umma, Rachel Hardeman, ta yi a Minneapolis ya nuna unguwannin da 'yan sanda suka fi mu'amala da mutane an fi haihuwar bakwaini, kuma baƙaƙe ne suka fi zama a cikinsu. Erica Garner ma, wadda 'yan sandan New York suka shaƙe babanta har ya mutu a 2014, zuciya ce ta ɗauke ta a 2017 tana shekara 27, wata huɗu da haihuwa. Allah sarki.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne tsoron asibitin kansa. A birnin Charleston na jihar South Carolina asibitin gwamnati ya riƙa gwada fitsarin masu ciki ba da yardarsu ba, in an ga hodar iblis a miƙa wa 'yan sanda, cikin mata 30 da aka kama 29 baƙaƙe ne, sai 2001 Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka. Har yau mata na gudun awo saboda kar a kira hukuma a ƙwace jariri, wata sai wata bakwai za ki fara ganinta, hawan jinin ya riga ya yi ɓarna.